Koyon fiyano wajen malami na musamman: abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗin wata

A gidaje da dama a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai fiyano kwance bisa armuwar, an lulluɓe shi da tsohon zane, ƙura ta yi masa rawani. Labarinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaro ne ya matsa wa uwaye, ko kuma babba ne ya daɗe da sha'awar abin a ransa, sai aka samu ɗan uwa mai zuwa Kano ya taho da shi cikin kwali. Sati biyu na farko maƙwabta ba su huta ba. Daga nan mai shi ya gane cewa waƙar da ke cikin kansa ta ƙi fitowa ta yatsunsa, bidiyon da yake kallo a YouTube kuma ba ya tsayawa ya ce masa ga inda ka kuskure. Sai sha'awa ta huce.

Masu ƙin yarda abin ya ƙare haka su ne ke neman malami na musamman, wanda zai zauna da ɗalibi shi kaɗai sau ɗaya ko biyu a sati, kamar yadda ake ɗaukar wa ƴan lakwal malamin kur a gida. Sai dai uban da ya ɗauki malamin lissafi yana da sakamakon jarrabawa da zai duba. A wajen fiyano babu wannan ma'auni, kuma mutum na iya shekara yana biyan kuɗi bai san ko gaba ake yi ko wuri ɗaya ake zagayawa ba.

Wane fiyanon ake nufi?

Kalmar tana ɗauke da abu biyu. Akwai fiyano na asali, babban akwatin katako wanda wani maƙerin kayan kiɗa ɗan Italiya, Bartolomeo Cristofori, ya ƙirƙiro a birnin Florence wajen shekara ta 1700. Na zamanin yanzu yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Kowane maɓalli aka danna, wata ƴar guduma ce mai kan ulu ke tashi ta bugi tsirkiyar ƙarfe a ciki. Tsirkiyoyin sun haura 200, kuma ƙarfin ɗaurinsu gaba ɗaya ya kai wajen tan 18 zuwa 20. Abin da ya bambanta shi da yawancin kayan da suka riga shi shi ne yana jin nauyin hannu: a taɓa a hankali ya yi magana a hankali, a buga da ƙarfi ya ɗaga murya. Daga nan ma sunansa ya fito, don a harshen Italiya "piano" na nufin a hankali.

Irin wannan ba shi da yawa a Nijar, kuma tsada ba ita kaɗai ce dalili ba. Katako da ulu suna son iska mai laima daidai, tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A nan kuwa lokacin hunturu da bazara laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ta haura 70. Katakon ya ƙanƙance ya kumbura, tsirkiya ta saki, murya ta karkace, ga shi yana son gwani ya daidaita shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda aka yi wa tayin tsohon fiyanon katako da araha ya fara tambayar wa zai riƙa gyara masa shi.

Na biyun shi ne wanda kowa ya sani, mai aiki da lantarki, na kamfanonin Yamaha, Casio, Korg ko Roland, wanda masu Faransanci ke ce wa kilabiye. Yawancinsu maɓallai 61 gare su, kuma suna kwaikwayon sarewa, ganga, goge da ɗaruruwan muryoyi. Shi ne ya riƙe waƙoƙin finafinan Kano tun shekarun 1990, har ake cewa kiɗan fiyano idan ana son a bambanta shi da na kalangu ko na gurmi. Nijar ma tana da nata tarihin da wannan dangin kayan kiɗa. Mamman Sani ya ɗauki kundinsa na farko a 1978 da wani organ ƙirar Italiya mai suna Orla, kuma shekaru da dama kiɗansa ne ake ji tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasa, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kundin a 2013. A bayansa an samu Hama na Yamai, wanda ya juya waƙoƙin sahara zuwa kilabiye.

Ga mai fara koyo, maɓallai 61 sun isa shekara ɗaya ko biyu, da sharaɗi guda wanda masu saye ke yawan mantawa: ya kasance mai jin nauyin hannu. Gwajin ba wuya. A danna maɓalli ɗaya a hankali, a sake danna shi da ƙarfi. Idan ƙarar ba ta canja ba, wannan abin wasan yara ne, kuma rabin abin da malami zai koyar ba zai fito a kansa ba. A kuma duba ko yana da ramin saka fedal da na abin saurare na kunne, da ko yana cin batir. Ƙananan da yawa suna tashi da batir shida, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da Nigelec kan ɗauke wuta a tsakiyar darasi. Wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce kuma ke ƙona su, don haka regilata tana cikin lissafin saye.

Kunne ko takarda

Kafin a nemi malami sai ɗalibi ya san abin da yake so, domin hanyoyin biyu ne, kuma malamai ƙalilan ne suka riƙe dukansu da kyau. Akwai mai son ya ji waƙa ya kama ta, ya raka mawaƙi a biki, a situdiyo ko a majami'a. Wannan hanyar kunne ce da akor, wato muryoyi uku ko fiye da ake dannawa tare. Akwai kuma mai son ya buɗe littafi ya karanta kiɗan da aka rubuta, abin da ake kira solfej: layuka biyar a jere, ɗigo-ɗigo a kansu da tsakaninsu, na sama ga hannun dama, na ƙasa ga hannun hagu.

Hanyar kunne ta fi saurin ba da daɗi, kuma ɗan wannan ƙasa yana shigarta da jari. Baƙaƙen maɓallan fiyano an jera su biyu, uku, biyu, uku, kuma idan aka bi su su kaɗai suna ba da tsani mai murya biyar, irin wanda waƙoƙin Hausa, Zabarma da Abzinawa da yawa suke tafiya a kai. Shi ya sa yaro ke iya lalubo waƙar da ya ji a gidan biki ranar farko, da yatsa ɗaya, bisa baƙaƙe kawai. Haka nan bugun da ɗaliban wasu ƙasashe ke shan wuya da shi, inda hannu ɗaya ke ƙirga uku ɗayan na ƙirga biyu, wanda ya tashi yana jin kalangu ya riga ya san shi a jikinsa. Malamin da ya raina wannan jari, ya hana ɗalibi taɓa waƙar gida sai ya gama littafi, ɓarna yake yi.

Amma kunne shi kaɗai yana da tarkonsa. Kusan kowane kilabiye yana da maɓallin sauya murya, wanda makaɗa ke ce wa taranspoz. Da shi mutum zai iya koyon wuri ɗaya tak, duk waƙar da ta zo ya danna na'ura ta ɗaga ko ta sauke masa. Ana cin abinci da haka, babu musu. Ranar da aka zaunar da shi gaban fiyanon katako, ko mawaƙiya ta canja murya a tsakiyar waƙa, ranar asiri ke tonuwa. Manyan tsanuka 12 ne, wanda ya san ɗaya ya san kashi ɗaya cikin 12. Haka ma kiɗan rakiya da na'ura ke yi da kanta, inda yatsa ɗaya na hagu ke tayar da ganga da gita gaba ɗaya: yana da amfani wajen aiki, amma ɗalibin da ya fara da shi hannunsa na hagu ba zai taɓa girma ba.

Akwai wani ruɗani da ya shafi masu zama kusa da iyaka musamman. A tsarin Faransanci, wanda ake bi a Nijar, sunayen muryoyi bakwai su ne do, re, mi, fa, sol, la, si, kuma ba su motsi: do kullum shi ne farin maɓallin da ke hagu da baƙaƙe biyu. Asalin sunayen yana komawa ga wani malamin kiɗa na Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11. Masu Ingilishi kuwa haruffa suke amfani da su, C ita ce do, D re, E mi, F fa, G sol, A la, B si, kuma su ne ke fitowa a allon Yamaha da Casio. Har nan da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne makaɗan Najeriya da Gana, musamman na majami'u, suna amfani da do mai tafiya: duk muryar da waƙa ta zauna a kai ita ce do. Idan waƙa tana kan sol, malamin Kano ko na Jos zai kira sol ɗin do, malamin Yamai kuwa zai ce masa sol. Ɗalibin Maraɗi mai malami a gida yana kuma kallon bidiyon Najeriya da dare zai iya wata guda yana zaton kansa ne ba ya ja. A tambayi malami tun ranar farko wane do yake nufi.

Inda ake samun malami, da yadda ake gwada shi

A Yamai akwai cibiyar horo da bunƙasa kiɗa ta CFPM Elhaji Taya, inda ƙungiyar Mamar Kassey ta samo asali kuma marigayi Malam Maman Barka ya koyar. Nan wuri ne da ake haɗuwa da makaɗa, a yi tambaya. A sauran garuruwa malaman sukan fito ne daga situdiyo, ƙungiyoyin kiɗan zamani, mawaƙan majami'u, ko malaman makarantu masu zaman kansu. Babu wata hukuma da ke ba da lasisin koyar da fiyano a gida, don haka aikin tantancewa yana wuyan mai biya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa malami ya ɗan taɓa a ji, ya zuba gwaninta, kowa ya riƙe baki, a yi ciniki. Iya kiɗa daban, iya koyarwa daban. Wani gwanin bai san yadda aka yi ya iya ba, tun yana ƙarami hannunsa ya faɗa, kuma idan ɗalibi ya kasa sai ya ture masa hannu ya sake bugawa da sauri yana cewa ai ga shi nan. Abin da ya fi a nema shi ne a ji ɗalibinsa na shekara ɗaya. Idan yaron yana buga abu mai sauƙi da hannu biyu, bai tsaya ba, bai yi sauri ba, kuma zai iya faɗin sunan abin da yake dannawa, to akwai malami a wurin.

Sai a biya zama ɗaya na gwaji, a zauna a kalla. Wa ya fi daɗewa da hannu bisa maɓallai, malami ko ɗalibi? Ya tambayi irin waƙar da ɗalibin ke so? Da aka yi kuskure, ya faɗi inda yake da yadda za a gyara, ko kuwa "sake" kawai yake cewa? Wayarsa tana aljihu? A ƙarshe ya rubuta aikin sati a kaye, da adadin abin da za a maimaita? Wannan kayen shi ne shaidar uwaye. Wanda bai san do daga re ba ma zai iya buɗe shi ya ga cewa shafin watan Maris da na watan Yuni abu ɗaya suke faɗa.

Watannin farko

Darasin yaro ɗan shekara shida zuwa tara minti 30 ya isa. Babba ko matashi minti 45 zuwa awa ɗaya. Malami na ƙwarai da zama yake farawa, ba da waƙa ba. Gwiwar hannu ta yi daidai da tsayin maɓallai, baya a miƙe, ƙafa a ƙasa, yatsu a lanƙwashe kamar an riƙe ƙwallon goruba. Fiyanon da aka aza bisa gado ko tabarma ana durƙusa masa yana kawo ciwon baya da wuyan hannu, kuma ɗabi'ar da hannu ya ɗauka a watan farko tana da wuyar kankarewa. Farce sai an yanke, abin da wasu ƴan mata ba su so ji ba. Lalle kam bai hana komai.

Yatsu suna da lamba, babban yatsa 1, ƙaramin 5, a kowane hannu. Ana fara da muryoyi biyar ƙarƙashin yatsu biyar, hannu ɗaya bayan ɗaya. Sai tsanin do na hannun dama, 1-2-3 sannan babban yatsa ya kutsa ta ƙarƙashi a ci gaba 1-2-3-4-5. Wannan kutsawar ita ce mashigin farko mai wuya. Daga nan akor uku, do-mi-sol, fa-la-do da sol-si-re, sai na huɗu la-do-mi. Da waɗannan huɗun ana raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa, kuma ɗalibin da ke aikinsa yakan kai nan cikin ƴan watanni. Masu bin takarda a ƙasashen Faransanci sukan fara da littafin Méthode Rose na Ernest Van de Velde, wanda ya haura shekara 100 ana amfani da shi.

Babban shingen shi ne haɗa hannu biyu. Kowane hannu ya iya nasa, a haɗa su sai duka su ruɗe, kamar mai tuƙa tuwo da dama yana kaɗa miya da hagu. A nan ne manya suka fi karaya, domin babba yana jin kunyar yin kuskure gaban wanda wataƙila ya girme shi. Amma babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin da ya kawo shi, yana gane bayani, kuma ba sai an kore shi daga wasa ba. Shekara 40 ba ta hana koyo. Abin da ke hanawa shi ne a ɗauka zaman malami shi ne koyon.

Sati awa 168 ne, malami yana da ɗaya a ciki. Aikinsa ya duba, ya gyara, ya nuna mataki na gaba. Hannu yana koyo ne a sauran kwana shidan. Minti 15 zuwa 20 kullum ga yaro, 30 ga babba, ya fi awa uku a daren jajibirin zuwan malami, domin abin da yatsu suka maimaita yau sai an kwana yake zama. Kuma maimaitawar tana da ka'ida. Mafi yawan ɗalibai sukan fara waƙa daga farko, su kai wurin da ke kayar da su, su faɗi, su koma farko. Bayan sati sun buga farkon sau 100, wurin wuyar kuwa ba su taɓa buga shi daidai ko sau ɗaya ba. Abin yi shi ne a yanko wurin shi kaɗai, gaɓa biyu ko huɗu, a buga shi a hankali ƙwarai, hannu ɗaya-ɗaya, sai ya fita sau biyar a jere babu tuntuɓe, sannan a ɗinke shi da abin da ke gabansa da bayansa. Metronom, abin da ke ƙirga bugu, yana cikin kusan kowane kilabiye, akwai shi kuma kyauta a wayar salula. A sa shi a 60, bugu ɗaya kowace daƙiƙa, a ƙara kaɗan-kaɗan. Wayar tana da wani amfanin: ɗalibi ya ɗauki kansa ya saurara. Mai bugawa yana jin abin da ya yi niyya, rikodin kuwa abin da ya fito yake maido masa.

Idan wuyan hannu ko kafaɗa suka fara zafi, a tsaya a gaya wa malami. Ba alamar ƙoƙari ba ce, alamar zama ko riƙon hannu ne ya karkace.

Wanda ya riga ya ɗan iya

Matsalar ɗalibi na tsakiya daban ce, kuma ta fi cin rai. Yana buga hannu biyu, yana da waƙoƙi goma ko ashirin, abokai suna ce masa gwani, amma shi ya san wata shida ke nan bai ƙaru ba. Yawancin masu koyon kansu a intanet a nan suke zuwa neman malami, kuma abin da suka fi ƙi shi ne abin da malami na gaske zai fara yi: ya maida su baya. Ya gyara lambar yatsu, ya kashe taranspoz, ya kashe kiɗan rakiya, ya ce a buga waƙar nan da aka iya a kan fa da si bemol. Wata ɗaya ko biyu mutum zai ji kamar ya lalace. Wanda ya san da haka tun farko ba zai gudu ba.

A wannan mataki ya kamata darasi ya ƙunshi tsanuka a dukan muryoyi 12, manya da ƙanana, da juya akor yadda hannu ba zai riƙa tsalle ba, misali mi-sol-do maimakon do-mi-sol, da aikin fedal, wanda ake ɗagawa daidai lokacin da sabon akor ya sauka don kada muryoyi su cakuɗe. Mai bin takarda ya riƙa karanta sabon abu mai sauƙi kowane zama, wanda bai taɓa gani ba. Littattafan da aka saba da su a nan su ne darussa 25 na Burgmüller, ƙananan sonata na Clementi, da guntayen kiɗan littafin da Bach ya tara wa matarsa Anna Magdalena a 1725. Akwai kuma atisaye 60 na Hanon, wanda aka buga a Faransa a 1873. Malamai sun rabu a kansa, wasu na rantsuwa da shi, wasu na ganin yana maida hannu inji. Minti biyar a rana ba laifi, awa guda ɓata lokaci ne. Kiɗan Beethoven mai suna Für Elise, wanda kowane ɗalibi ke roƙo, shafinsa na farko ne mai sauƙi, tsakiyarsa ta fi ƙarfin ɗan shekara ɗaya, shi ya sa ake yawan jin farkon ba a jin ƙarshen.

Mai bin kunne kuma abin da yake buƙata shi ne mawaƙi a gefensa. Raka murya fasaha ce ta daban: a gano muryar da mai waƙa ya ɗauka cikin daƙiƙa kaɗan, a bar masa fili, a bi numfashinsa. A waƙar Hausa akwai ƙarin kula, don harshen yana da karin sauti, kuma waƙa takan bi hawa da saukar kalmomi. Makaɗin da ya tilasta wa baiti bin akor ɗin da ya haddace zai iya karkatar da kalma har ma'anarta ta gurɓata.

A wannan matakin ne kuma maɓallai 61 marasa nauyi ke fara takura wa mai son kiɗan takarda. Fiyanon lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi, irin su Yamaha P-45, shi ne mafi kusa da na katako ba tare da wahalarsa ba. Wanda aikinsa situdiyo ne da biki ba lalle ya buƙace shi ba.

Kuɗi, gida da mutunci

Farashi ya danganta da gari, da malamin, da wanda zai je wurin wani. A ɗauka, don misali kawai, an yi ciniki jika uku kowane zama. Sau huɗu a wata jika 12 ke nan, wata goma jika 120, kuɗin da zai iya kai na fiyanon kansa. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi wajen sayen babbar na'ura bai bar na malami ba, ya sayi doki ne babu kuɗin ciyawa. Abubuwan da ke kawo saɓani ƙanana ne, kuma gara a yanke su tun ana dariya: biyan wata ne ko na zama, wa ke biyan kabu-kabu, idan ɗalibi ya fasa bai sanar ba ya ake yi, idan malami ne ya fasa yaushe zai rama, idan wuta ta ɗauke fa. Malami mai dabara ba ya rasa abin yi babu wuta, akwai tafa bugu da hannu, karatun solfej da horon kunne. A kuma yi magana kan azumi, lokacin jarrabawar BEPC ko BAC, da hutun damina. Darasi ta bidiyon WhatsApp yana yiwuwa ga na tsakiya idan an kafa wayar yadda za a ga hannu biyu, amma jinkirin layi ba ya barin a buga tare, kuma sabon shiga yana buƙatar wanda zai ga zamansa ido da ido.

Akwai maganar da ta fi kuɗi nauyi. A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar kiɗa sana'ar gado, kuma har gobe akwai gidajen da ba su son a ga ɗansu da abin kiɗa, wasu don al'ada, wasu don fahimtarsu ta addini, inda malamai suke da maganganu mabambanta. Wannan hukuncin kowane gida ne. Abin da bai dace ba shi ne uwa ta ɗauko malami uba bai sani ba, ko akasin haka, yaro ya zama shi ne a tsakiya. Haka nan tunda malamai da yawa a majami'a suka koya, littattafansu da waƙoƙin da suka fi sani na can ne. Babu abin ɓoyewa a nan: a faɗa wa malami tun farko irin waƙoƙin da gidan ke so da waɗanda ba ya so, a ba shi lokaci ya shirya wasu. Shi ma malamin yana da haƙƙin a gaya masa a gaba, maimakon a sallame shi bayan wata biyu ba bayani.

Darasin yaro, mace ko namiji, a yi shi a falo ko inda ake wucewa, ƙofa a buɗe, babba yana kusa. Gyaran hannu wani lokaci yana sa malami ya taɓa yatsu ko wuyan hannun ɗalibi, don haka a yi maganar a fili, kuma idan gidan ba ya so, ana iya nunawa ba tare da taɓawa ba. Malamin da ya ce zaman uwaye yana hana shi aiki, ko mai duka da tsawa, ba a ba shi zama na biyu. Lokacin atisaye ma a zaɓe shi da lura da maƙwabta da lokutan salla. Abin saurare na kunne yana kashe rabin wannan rigimar.

Wani lokaci babu laifin kowa, ɗalibi ne ya kai iyakar abin da malaminsa ya sani. Alamarsa ita ce darasi ya koma hira da maimaita tsoffin waƙoƙi, kayen ya daina samun sabon rubutu. Malami mai gaskiya shi da kansa zai faɗa, har ya nuna wanda za a je wurinsa. Idan bai faɗa ba, a cika masa kuɗin watan, a yi masa godiya da sallama yadda ta kamata, domin garin ƙarami ne kuma makaɗa duk sun san juna. Kayen kuwa a tafi da shi, shi ne abin da sabon malami zai fara buɗewa.